Ku Tambayi Anti: Ina son koyar da 'yan firamare, daga ina zan fara?

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ya gida? Ni 'yar SS2 ce daga Funtuwa, shekarata 16. Wallahi tun ina ƙarama nake son koyar da yara, amma ƙawayena dariya suke min wai NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, na wanda ya rasa jami'a ne, yayana kuma ya ce in bari sai na gama sakandare tukuna. Dan Allah me zan fara yi tun yanzu?

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ƙawayenki ki ƙyale su, amma maganar yayanki ce ban yarda da ita ba, don shirin nan a SS2 ake fara shi ba bayan sakamako ya fito ba.

Na farko ki riƙe Turanci da Lissafi hannu bibbiyu. Rashin kiredit a darussan nan biyu shi ne yake tare 'yan mata da yawa a ƙofa, kin ga yarinya ta ci komai tas, sai D7 ɗin lissafi ya zaunar da ita gida shekara guda tana jiran ta sake NECO. Ana haɗa sakamakon zama biyu, misali WAEC da NECO, to amma me zai kai ki? Kuma ba don takarda kaɗai ba, malamar firamare komai ita ce, da safe lissafi, anjima karatu, anjima kimiyya, babu wanda zai zo ya karɓe ki. Ki tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, aka ba malamai jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su.

Sai abin da kowa ke rainawa, wato suna. Yau ɗin nan ki ɗauko takardar haihuwarki da ta NIN ki ajiye su gefe da gefe ki duba harafi-harafi. In nan an rubuta Aishatu can kuma Aisha, ko ranar haihuwa ta saɓa, ki je a gyara tun kafin makaranta ta tura sunayenku WAEC, don rajistar JAMB da NIN ake yinta kuma duk abin da ke ciki shi zai bi ki har gurbin karatu. Layin wayar da za ki yi rajista da shi ma ya zama naki ko na Mama, kar ki yarda mai kafe ya sa nasa.

Kwas ɗin da kike nema shi ake kira PES, ilimin firamare kenan, in kuma 'yan nazire kika fi so akwai ECCE. Shekara 3 ne. Kusa da ke akwai kwalejin Isa Kaita a Dutsin-Ma, akwai ta tarayya a Katsina, ga kuma ta Gusau wadda mata zalla ce, in Baba irin masu ɗari-ɗari da makarantar haɗaka ne to wannan ta warware miki.

Amma gaskiya abin da na fi so ki yi shi ne ki tsaya gaban yara tun yanzu. Ki roƙi malamin Islamiyyarku ya ba ki 'yan ajin ƙasa ranar Asabar, ko ki tara ƙannenki da 'ya'yan maƙwabta a zaure da ɗan allo da alli. Ni ranar farko da na shiga aji a TP, wato koyarwar gwaji da ɗaliban malanta ke yi, na kwana ina haddace darasi, ina juya baya zan yi rubutu sai kuka ya tashi wai wani ya karya wa wata fensir, rubutuna kuma yana gangarawa ƙasa kamar mai saukowa daga tudu, har aka buga ƙararrawa ban koyar da komai ba. Yaron da ke rubuta b a madadin d sau goma kina gyarawa, shi zai gaya miki ko aikin nan naki ne. Albashi kuwa ba zan ɓoye miki ba, ba shi da yawa, a wasu jihohin ma yakan makara.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne daga Gumel. Babana da Grade II, tsohuwar takardar shaidar malanta, ya koyar har ya yi ritaya, ni ma zan iya bin nan?

AMSA: A'a ɗana, an daɗe da rufe wannan hanyar, yanzu NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, bayan ita kuma sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, kafin ka nemi aiki a SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kwalejin ilimi ma tana garinku, ka leƙa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya, kuma ka ce ina gaida Baba.