Tambaya da Amsa: Anya binciken farin ciki ba hanyar rufe bakin talaka ba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare da kasafin kuɗi na wata jiha. A wani taron bita an kawo shawarar a riƙa auna farin cikin jama'a kafin a tsara kasafi, sai wani babba ya ce ai bincike ya riga ya nuna 'yan Nijeriya sun fi kowa farin ciki a duniya, kuɗi ba shi ne komai ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Anya ba da wannan za a fake a ƙyale talaka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana da tushe, amma laifin na masu ɗauko binciken ne da ka. Tunda kasafi aikinka ne, ba sai na tsaya bayanin inda ma'aunin GDP, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, ya gaza ba.

Wannan maganar ta "mun fi kowa farin ciki" na gaji da jin ta. Asalinta wani rahoto ne da mujallar New Scientist ta buga a 2003, daga binciken World Values Survey, inda kason 'yan Nijeriya da suka ce suna cikin farin ciki ƙwarai ya fi na sauran ƙasashen da aka tambaya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana jan ta a rediyo da wajen taro, har da waɗanda ba su taɓa ganin shafi ɗaya na rahoton ba. Abin da ba sa faɗa shi ne tambayoyin iri biyu ne. Akwai ta yanayin zuciya: kana cikin nishaɗi, ka yi dariya jiya? Akwai kuma ta auna rayuwa gaba ɗaya, wadda kamfanin Gallup yake yi wa kusan mutum 1,000 a kowace ƙasa duk shekara: ka ɗauka ga tsani mai matakai daga 0 (mafi munin rayuwa) zuwa 10 (mafi kyawunta), a wane mataki rayuwarka take? Da wannan ta biyun ake haɗa Rahoton Farin Ciki na Duniya tun 2012, kuma a na 2024 Nijeriya ta zo ta 102 cikin ƙasashe 143, makinta bai kai 5 ba. Finlan ce kan gaba tun 2018, Afganistan a can ƙarshe. Wato ƙasashen da ke da asibiti mai aiki da hukumar da ake yarda da ita su ne a sama.

Ka tambayi mai tura baro da ya wuni bai ci ba, zai ce maka lafiya lau, Alhamdulillahi, har ya yi maka raha. Godiyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba takardar shaida ya rubuta wa gwamna ba. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya daɗe da gargaɗi a kan haka: wanda ya jima cikin ƙunci yakan rage burinsa daidai abin da zai iya samu, sai mai tambaya ya rubuta cewa ya gamsu. Masu jawo sunan masanin tattalin arziki Richard Easterlin da bincikensa na 1974 don su ce kuɗi ba ya kawo farin ciki kuwa su sani, shi kansa ya nuna cewa a cikin ƙasa ɗaya mai kuɗi ya fi matalauci jin daɗin rayuwa. Duk wanda ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse sannan ya zo yana yi wa mutanen garin wa'azin ƙana'a, to ya ji tsoron Allah.

In an bi binciken da gaskiya, nauyi yake ƙara wa gwamnati. A jihar Kowahuwila ta Meziko an fito da shirin Piso Firme, ana dafe ɗakunan talakawa da siminti a madadin daɓen ƙasa. Gudawa da tsutsar ciki suka ragu ga yara, iyaye mata kuma aka auna aka ga damuwarsu ta sauka. A Kenya, binciken Haushofer da Shapiro na 2016 ya nuna kuɗin da aka tura wa magidanta kai tsaye ya ƙara musu kwanciyar hankali. Birtaniya ta buɗe shirin jinyar damuwa ta hanyar zantawa da ƙwararru a 2008, bayan matsin lambar masana Richard Layard da David Clark, tun 2011 kuma hukumar ƙididdigarta take yi wa jama'a tambayoyi huɗu kan walwalarsu. An kuma sha tabbatar da cewa zaman banza yana cin ran mutum fiye da asarar albashin kanta.

Mu kuwa a 2017 sai muka ji gwamnan Imo na lokacin, Rochas Okorocha, ya naɗa kwamishinar farin ciki, kuma 'yar'uwarsa ya bai wa kujerar. Kada ku bi wannan layin. In za ku auna, ku yi tambayar tsanin, ku maimaita ta duk shekara, ku ware amsoshin ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, mata daban, matasa marasa aiki daban. Kuma kada mai tambayar ya sauka daga motar gwamnati ya yi ta a ƙofar gidan hakimi, don amsar da za ku samu a nan kun riga kun san ta.