Ga ɗan'uwan da fenti ke bushe masa a bakin burushi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don abin da na sha ne shekara biyu da suka wuce. Ka ce saura kwana 12 a rufe gasar fenti ta wannan wata, ƙananan sojojin robarka biyar na wasan tebur na Warhammer 40,000 ko ɗaya bai kammala ba, fenti yana bushewa a burushi kafin ya taɓa jikin robar, ƙura tana mannewa, yashin da ka liƙa a faifan da suke tsaye a kai kuma yana zubewa da an ɗaga. Har ka ce kana tunanin kai su wajen mai fentin mota ya fesa maka shafin farko, wanda sauran fenti ke kamawa a kansa, a huta. Don girman Allah kada ka kai.

Ni na kai. Kwali ɗaya ne na Space Marines, sojojin wasan masu sulke, guda goma, ɗan baffana da ke karatu a Ingila ya riƙo min, wata huɗu ina jiran sa. Dare shida na yi ina yankewa ina haɗawa a hasken fitilar sola, ina kankare layin da ke gefen ƙafafunsu da reza har yatsana ya fashe. Ranar kasuwa na jera su a robar abinci, na sa auduga, na hau mashin daga ƙauyenmu nan gefen Ringim zuwa wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Na samu mutumin yana fesa wata mota. Na yi masa bayani, na ce roba ce mai laushi, a yi daga nesa, a yi kaɗan. Ya ce min, "Malam, shekara nawa ina wannan sana'a? Fenti ai fenti ne." Ya jera su a kan kwali, ya ƙara tina a gwangwanin, ya matso da bindigar fesawar dab da su. Ina tsaye ina kallo fikafikan da ke ƙirjinsu suka fara nutsewa kamar kitse a kasko. Na ce ya tsaya, ya ce in bari ya bushe zan gani. Sai ya ɗauke su ya ɗora a kan murfin motar, cikin ranar azahar ta watan Afrilu.

Da na ɗauko su, bindigogi sun lanƙwashe, idanun hulunansu sun shafe, jikin yana kama yatsa kamar ƙaro. Bakwai cikin goma sun tafi. Wallahi ba asarar ce ta fi ci min rai ba, dariyar ce. Ya kira yaran shagon ya ce su zo su ga ƙato da gemu zai yi kuka a kan 'yar tsana. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif, ko haƙuri bai ba ni ba. A hanyar komawa sai da na tsaya gindin wata tsamiya na buɗe robar na sake dubawa, wai ko idona ne. Har yau in na ji warin tina sai gabana ya faɗi. Na yafe masa, amma ban ƙara bi ta layin ba.

Tina da fetur suna narkar da irin wannan robar, shi ya sa. Shafin farkon da burushi za ka yi shi, siriri, baƙi ko ruwan toka. Kafin nan ka wanke su da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana fenti kamawa.

Maganar bushewa kuwa, ba laifin hannunka ba ne, hunturu ne. Fentin da muke shafa wa sojojin, na Citadel da Vallejo, duk na ruwa ne, an yi su a Ingila da Sifen, inda iska ke da danshi. Nan kuwa leɓen mutum ma tsagewa yake. Ka samu roba mai murfi, ka yanki siririn soson katifa ka shimfiɗa a ciki, ka jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta a samansa, ka rufa masa takardar da masu kek ke shimfiɗawa a tire. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fentin. Danshi yana ratsowa ta ƙasa, ɗigo ɗaya sai ya kai ka awa biyu. Ni a gefen randa nake ajiye tawa. Kuma ka daina zama da rana. Bayan sallar asuba, kafin a fara shara da fitar da dabbobi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka rufe taga, ka yi aikinka. Duk wanda ka shafa ka kifa masa kofi ko bokiti. Ƙurar nan da kake gani ba lokacin shafawa take hawa ba, lokacin bushewa ne.

Na ga a hoton da ka saka fentin ya yi kauri a kafaɗa, har sawun burushi ya fito. Na san dalili, kana ganin shafi ɗaya bai rufe ba sai ka ƙara lodawa, saboda kwanaki suna tafiya. Ka tsinka shi da ruwa ya yi kamar madara, ka shafa sau biyu ko uku. In wanda ya riga ya ɓaci ne, ka jiƙa shi a Dettol ya kwana, ka goge da burushin haƙori, ka fara cire fentin tukuna kafin ka sa masa ruwa, in ba haka ba zai zama danƙo.

Kuma kada ka bari kowa ya taɓa. Yara a gida sai sun ɗauka, manya kuma sai sun yi magana. Ni akwai wanda ya je ya gaya wa mahaifina wai ina tara gumaka a ɗaki. Sai da na zauna gaban Baba na nuna masa littafin dokokin, na ce wasa ne na tebur kamar dara, sunansa Warhammer 40,000, tun 1987 ake yin sa, ya ma girme ni. Ya juya ɗaya a hannunsa ya daɗe, ya ce in dai ba ya hana ni salla da gona ba laifi, amma in ajiye su a rufe. Tun ranar a akwati suke. Kai ma ka yi wa na gida bayani da kanka tun kafin wani ya riga ka.

Yashin da ke zubar maka, ina zargin da danshi ka ɗebo shi, ko kuma gam ɗin ka sa sau ɗaya kawai. Ni daga bakin kogi nake ɗebowa, in wanke, in soya a tsohon kasko har ya bushe ƙayau, in tankaɗe da rariya. Mai laushin daban, tsakuwar daban. Top Bond ɗin kafintoci ya isa, ba sai ka nemi na waje ba. Ka shafa a faifan, ka tsoma cikin yashi, ka bar shi ya kwana. Washegari ka tsinka gam ɗin da ruwa ka ɗiga a sama, wannan shafin na biyu shi ne yake riƙewa. In ya bushe ka shafa ruwan ƙasa mai duhu, sannan ka goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa ka bi saman da launi mai haske. Faifan sojojinka milimita 32 ne, tsakuwa biyu ta ishe shi, kada ka cika. Don ciyawa ina warware igiyar rama in yanka ƙanana. Na taɓa sa dusa, kwana uku tururuwa suka cinye ta har da gam ɗin. Jar marmarar bakin titi kuma in ka daka ta, ƙasar wata duniya take bayarwa sak, tsohuwar rediyo ma akwai abubuwan da za ka ɓalla a ciki su zama tarkacen yaƙi.

In kwana 12 ba za su isa biyar ba, ka gama uku da kyau ka saka. Ukun nan da suka tsira daga hannun mai fentin motar su na shiga gasata ta farko da su, ɗaya ma bindigarsa a karkace take har yanzu. Ina da ragowar baƙin shafin farko rabin kwalba da takardar kek. Ka turo min saƙo ta gefe ka faɗa min ranar da motar garinku ke shigowa Ringim, in ba direba ya kawo maka.