Bagungu na Yuganda da Gungawan Yauri: kama da wane ba wane ba ne

Wani mai karatu daga Yauri ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji an ambaci wata ƙabila a Yuganda mai suna Bagungu, kuma masunta ne. Shin 'yan'uwan Gungawanmu ne? Kuma in Bagungu mutum ɗaya ne, mene ne jam'insa?"

Malam, kunnenka na Bahaushe ne ya ja ka, kuma ba laifinsa ba ne. A Hausa ɗafin "ba-" na mutum ɗaya ne: Bahaushe, Bakano, Bakatsine, sai a jam'i mu ce Hausawa, Kanawa, Katsinawa. Harsunan Bantu kuwa, wato dangin harsunan da harshen Bagungu yake cikinsu, sun juya abin. A wurinsu "ba-" shi ne jam'i, "mu-" kuma tilo. Mutum ɗaya Mugungu ne, jama'ar Bagungu, harshensu Lugungu, ƙasarsu Bugungu. Saboda haka Bagungu jam'i ne tun asali, kada a ƙara masa "-awa".

Shi kuwa "gungu" namu yana nufin tsibiri, ko taron mutane a wuri ɗaya. Hausawa ne suka laƙaba wa mazauna tsibiran kogin Kwara sunan Gungawa, tun kafin madatsar Kainji ta 1968 ta shanye yawancin tsibiran. Su da bakinsu Bareshe suke kiran kansu, harshen kuma Tsureshe. Ka ga "ba-" ɗin jam'i ya sake fitowa, domin harshensu da harsunan Bantu rassa ne na babban gida ɗaya, amma zumunci ne mai nisan gaske. Sunan dai bai haɗa su ba, karo kawai sautin ya yi. Nan ne karin maganar nan ke aiki: kama da wane ba wane ba ne.

Bagungu suna zaune a gaɓar tafkin Albert, galibinsu a gundumar Buliisa da aka cire daga Masindi a 2006, kusa da inda kogin Nilu ke faɗawa tafkin. Kamun kifi da noma da kiwo ne sana'arsu, yanzu kuma ga aikin haƙar man fetur ya shigo ƙasarsu da baƙi masu yawa.

Wata malamar firamare ta tambaya: "Me ya sa muke cewa harshen uwa, kuma dole ne a koya wa yaro karatu da shi?"

Malama, harshen uwa shi ne wanda yaro ya sha da nono, wanda yake kuka da shi, yake mafarki da shi. Labarin Bagungu ya ishe mu misali. Suna cikin masarautar Bunyoro, kuma shekara da shekaru Runyoro, harshen masarautar, da Ingilishi ne suka riƙe makaranta da coci. Yaro ya taso a bakin ruwa ya san sunan kowane kifi da Lugungu, ya shiga aji a miƙa masa littafi da harshen da ba a yi a gidansu. Nauyi biyu ne aka ɗora masa lokaci ɗaya: koyon baƙi da koyon harshe. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya ƙwarai, domin sai a ce yaron daƙiƙi ne alhali harshen ne bai ji ba.

Tun 2007 manhajar Yuganda ta ba da damar koyar da aji ɗaya zuwa uku da harshen yankin. Amma dama ba ta isa ba sai da littattafai da malaman da suka iya rubuta harshen. Lugungu na da wasula da Runyoro ba ya bambantawa, shi ya sa masu tsara rubutunsa suke ja wa wasu layi a ƙasa. Mu ma haka muka yi da ɓ da ɗ da ƙ. A cire ƙugiyar a gani ko yaro zai raba "ɓata" da "bata".