Wane birni ne na biyu a Afirka ta Yamma?

Malam, ka tambaya wane birni ke bin Legas a girma da muhimmanci. Ai Legas kam ba ta da abokin karawa, ko da yake tun 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja.

A ganina Abijan ce ta biyu. Ita ma an karɓe mata rawanin babban birnin Kwaddibuwa a 1983 aka ba Yamusukro, amma tashar jiragen ruwa da hedikwatar Bankin Raya Afirka suna nan daram. Kayan Mali da Burkina Faso da yawa ta can suke shigowa.

Daga nan kuma sai gardama. In yawan jama'a kake nufi, Kano ta sha gaban Dakar. In maganar kuɗin sefa ce, babban bankinsa a Dakar yake.