Littafin yaron da ya bi masu wasa da dabbobi

Malama, littafin da kike nema, na yaron da ya gudu daga gida ya bi ayarin masu wasa da dabbobi da alkafura, sunansa Toby Tyler. James Otis, ɗan Amurka, ya rubuta shi, ya fito a 1881. Toby maraya ne. Mako goma ya yi yana tallan alewa da lemo a cikin tanti, ubangidansa na dukansa, babban amininsa kuwa wani biri ne, Mista Stubbs.

Kafin ki karanta wa yaranki, ki sani cewa wajen ƙarshe maharbi ya harbe birin ya mutu. Wurin nan akwai ban tausayi ƙwarai. A fim ɗin Disney na 1960 birin ya rayu.