Amsa kan manhajar sito: ɗan'uwa, dakata kafin maigida ya biya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, kuma wallahi sai da gabana ya faɗi. Ka ce sito kake riƙewa na kayan masarufi, duk ƙarshen wata abin da ke littafi da abin da ke ƙasa ba sa haɗuwa, maigida ya fara yi maka wani irin kallo, ga wasu samari sun zo sun ce za su ɗora muku manhajar kula da sito, kana son ka ji ko za ta kawo ƙarshen giɓin. Kallon nan da ka ambata na san shi. Allah ya fitar da kai kunya.

Manhaja tana da amfani, yanzu haka da ita nake aiki. Amma ba ta shiga sito ta ƙirga katan. Abin da aka faɗa mata shi take maimaitawa, kuma ranar da lissafinta ya saɓa da naka, ita maigida zai gaskata, ba kai ba. Wannan shi ne abin da masu tallan ba za su gaya maka ba.

Mu nan kasuwar Singa ta Kano muke, taliya, man girki, sukari, madara da sauransu. Wanda ya ɗora mana ta farko wani matashi ne mai zaƙin baki. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna wa Alhaji, maigidanmu, bidiyon sitocin Amazon a Amurka, ƙananan injina suna shiga ƙarƙashin kanta suna ɗauko kaya da kansu. Gaskiya ne akwai su, tun 2012 Amazon ta sayi kamfanin Kiva mai ƙera su a kan dala miliyan 775. To amma mu kayanmu a kan 'yan dako suke shiga, a kansu suke fita. Alhaji dai ya ji daɗi ya biya. Yaron nan ya buɗe mana kalmar sirri guda ɗaya tak, da ni da akawu da yaron shago da ɗan Alhaji duk da ita muke shiga. Na ce masa kowa ya kamata ya samu tasa, ya ce wannan sai an ƙara kuɗi, kuma ai mu duk 'yan gida ne.

Kun tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen Kodebuwa, har bankuna suka rikice? Farkon azumi ne, kasuwa ta cika maƙil. A kwanakin ne tirelar taliya ta sauke mana. Na shigar da kayan, allon yana ta juyawa, bai nuna ya karɓa ba. Na kira mai manhajar, ya ce bai shiga ba, akawu ya sake shigarwa daga ofis idan sabis ya dawo. Akawu ya yi yadda aka ce. Ashe nawa ma yana nan a maƙale, sabis na dawowa ya wuce. Tirela ɗaya ta zama biyu a manhaja, da lambar webil (takardar rakiyar kaya) iri ɗaya, kuma abin bai ko yi tari ba.

Bayan Sallah aka yi ƙirge. Aka ce taliya ta lodin tirela guda babu ita.

Ɗan'uwa, ban san yadda zan kwatanta maka ranar nan ba. Alhaji mutum ne da na yi wa aiki tun ina saurayi, shi ya tsaya a aurena. A bakin sito, gaban 'yan dako, gaban direbobi, ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullai. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ciro su daga aljihu hannuna yana rawa. Yaran da nake ba kuɗin shan ruwa duk suka sunkuyar da kai. Aka kira mai manhajar, ya zo ya tsaya yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Alhaji, kwamfuta ba ta ƙarya, ku bincika mutanenku." Shi da bakinsa ya ce a sake shigarwa! Na tuna masa, ya ce shi bai san an yi haka ba. Kuma da yake kalmar sirri ɗaya ce, babu yadda za a nuna wane ya shigar da me, kuma da ƙarfe nawa. Daga baya na ji an tura mutum unguwarmu yana tambaya ko na sayi fili. Maganar ta kai gidan surukaina. Matata ta daina zuwa biki. A masallaci idan aka sallame sai in ga kamar kowa ni yake kallo. Har yau idan na ga irin motar yaron nan a titi raina yana ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ya wanke ni, bayan ikon Allah, wani ɗan littafi ne mai bangon da ya sha maiƙo. Shugaban 'yan dakonmu, dattijo ne, tunda a kan katan ake biyansu, duk motar da suka sauke yana jan layuka huɗu ya soke da na biyar, ya rubuta lambar mota a gefe. Shi ya kawo littafin da kansa ba wanda ya aike shi, ya ce tirelar taliya ɗaya suka sauke a makon nan, kuma kuɗin ɗaya aka biya su. Sai a lokacin aka nemo webil ɗin kamfani, aka duba abin da aka tura ta banki, aka ga na tirela ɗaya ne. Alhaji ya kira ni ya ba ni haƙuri, na kuma yafe masa. Shi kuwa yaron ko uffan. Da muka ce za mu bar manhajarsa, sai ya ce sai mun biya kafin ya fitar mana da bayananmu. Sunayen kwastomominmu, basussukanmu, lissafin kayanmu, wai sai mun saya a hannunsa.

Don haka kafin maigida ya ba su ko sisi, ka sa su zauna a gabanka su fitar da duk bayanan zuwa Excel, ka gani da idonka, kuma babban makullin manhajar ya zama a hannun maigida yake da lambar wayarsa, ba a hannunsu ba. Kowa da kalmar sirrinsa. Wannan kariyarka ce kai musamman, kada ka yarda a ce 'yan gida ne. Ka gwada shigar da lambar webil ɗaya sau biyu, idan ta karɓa ba ta hana ba, ku sallame su. Ka tambaya ko ana iya goge abin da aka riga aka shigar. Ta kirki ba ta gogewa, sai dai a warware shi da wani sabon shigarwa, sunan wanda ya yi da lokacin su zauna. Sannan ka kashe data a gabansu ka ce su sayar da katan ɗaya mu gani ko tana aiki babu intanet.

Batun kuɗi ma ku lura. Da yawa da dala ake biyansu duk wata ko duk shekara, kuma a kan kowane mutum da zai shiga. A farkon 2023 dala wajen naira 750 take a kasuwar canji ta Wapa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da kuka ɗauka mai sauƙi sai ya ninka ba a ƙara muku komai ba. Akwai ERPNext ta wani kamfanin Indiya, a buɗe take kyauta, sai dai ka biya wanda zai saita maka da wurin ajiye bayanan. Odoo ta Beljiyam ma tana da ta kyauta da ta kuɗi. Irin su SAP na manyan kamfanoni ne, ba na sito ɗaya ko biyu ba. Ni dai ba sunan manhaja nake dubawa ba yanzu, mutumin da zai saita ta nake dubawa: ina ofishinsa, wa ya yi wa aiki a kasuwar nan, in je in tambaye su da kaina.

Amma bari in koma kan giɓin naka, domin ina zargin ba sata ba ce. A sitocinmu abubuwan da ke cin kaya sanannu ne. Kwastoma ya biya kuɗin katan ɗari, ya ɗebi sittin, ya bar arba'in ajiya, a littafi an sayar, a ƙasa suna nan, wata rana wani yaro ya sake sayar da su. Maigida ya bugo waya ya ce a ba wane buhu goma zai yi magana daga baya, babu takarda, shi kansa ya manta. Katan ya fashe a wajen sauke kaya, a ture shi lungu ba a rubuta ba. Ga rikicin katan da rol da dozin, kamfani ya rage adadin da ke cikin kwali amma lissafinku yana nan a kan na da. Duk waɗannan idan ba ku gyara su da hannu ba, cikin manhajar za su bi ku. Ni yanzu ko Alhaji ne ya bugo, sai na ce ya turo saƙo a rubuce, ya kuma saba.

Ranar da za a fara, a rufe sito a yi cikakken ƙirge, kai da akawu da wakilin maigida ku sa hannu a takarda ɗaya, ka ajiye kwafi a gidanka. Daga nan kada ka jira ƙarshen wata. Kullum da safe ka zaɓi kaya kala biyu ko uku masu saurin fita ka ƙirga, idan giɓi ya bayyana za ka san na jiya ne, ana iya tuna wa ya zo. Madara da kayan gwangwani kuwa ka tabbatar manhajar tana karɓar lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita ko da shi ne ya shigo a baya. A nan kam ta yi mana rana sosai.

Za su so su sayar muku da sikana, na'urar da ke karanta lambobin zane na jikin kaya. Lambobin zanen nan da aka yi wa rajista a Najeriya da 615 suke farawa, kuma suna aiki, sai dai a jikin ƙwaya suke, kwalaye da buhuna da yawa babu komai a bayansu, sai kun buga naku kun manna. Ga ƙurar hunturu, ga ɗauke wuta. Ku fara sa kuɗin a sola da batir tukuna.

Wani abu kuma da ke ci mini rai, mu masu riƙe sito kayan ɗaruruwan miliyoyi ne a hannunmu, albashin kuwa kun san shi, kuma da zarar abu ya ɓace mu ne na farko a layi. Idan an ba ka takardar yarjejeniya mai cewa duk giɓi daga albashinka ne, kada ka sa hannu sai an rubuta cewa kai kaɗai ke riƙe da makulli.

Littafinka na hannu kada ka daina shi ko an ɗora manhajar, kuma duk webil ɗin da ya shigo ka ɗauki hotonsa da wayarka kafin ka miƙa ofis. Ka gaya mana kala nawa ne kayanku, mutum nawa ke da makullin siton, da yadda kuke rubuta kayan ajiya. Idan na ji wannan zan iya ce maka ga inda za ka fara dubawa.