Yaro ƙarami da waya a hannu: amsoshin tambayoyin iyaye

Tambaya: Malam, ɗana yana da shekara biyu da wata uku, kuma ba ya yarda ya ci abinci sai an kunna masa katun a waya. Yana iya rera waƙar haruffan Turanci, amma idan yana son ruwa sai dai ya ja hannuna ya nuna. Surukata ta ce waya ce ta ɗaure masa baki. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Malama, maganar surukarki tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Dalilin wannan tsauri yana cikin yadda yaro ke koyon harshe. Magana ana koyonta ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka: yaro ya yi gwaranci, uwa ta dube shi ta amsa, ya nuna kaza ta ce masa "kaza ce", ya maimaita a karkace ta gyara masa tana dariya. Waya kuwa zuba take yi kawai, ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta kuma san ko ya fahimta ba.

Akwai wani gwaji da ya fito da wannan a fili. A 2003 Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington da ke Amurka sun ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida, suka riƙa sa su sauraron Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu wasa da magana sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa mutanen a bidiyo kuwa sun fito kamar ba su taɓa jin Sinanci ba. Saboda haka waƙar haruffan da ɗanki ke rerawa hadda ce irin ta aku, ba ta nuna cewa ya san ana amfani da kalma don a nemi abu.

A 2023 kuma an wallafa wani bincike daga Japan da ya bi yara sama da 7,000, aka tarar waɗanda suke shafe awa huɗu ko fiye suna kallo a yini tun suna da shekara ɗaya sun fi sauran fuskantar jinkiri wajen sadarwa da warware matsala da suka kai shekara biyu da shekara huɗu. Sai dai a yi adalci, binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba, domin sau da yawa yaron da dama yake da wahalar sha'ani shi aka fi miƙa wa waya don a samu lafiya. Wannan ne ya sa nake ba ki shawarar ki kai shi asibiti a duba jinsa da girmansa, tunda ɗan shekara biyu ana sa ran ya fara haɗa kalma biyu, irin su "Mama ruwa" ko "ba ni". Ciwon kunne da ke yawan dawowa yana iya rage ji har ya jinkirta magana, kuma idan aka ɗora wa waya laifin komai za a iya barin jaki ana dukan taiki.

Batun abinci kuma, ki shirya wa kwana uku ko huɗu na rigima. Ki ajiye wayar a wani ɗaki, ki zaunar da shi tare da sauran yara a ci a kwano ɗaya, ki riƙa kiran sunan abin da yake ci. Yaron da ake ɗura wa abinci idonsa na kan katun ba ya lura da ƙoshinsa ko yunwarsa, baki kawai yake buɗewa.

Tambaya: Ina aiki a Jidda, iyalina suna Maraɗi, kuma kullum ina kiran 'yata mai wata 14 ta bidiyo a WhatsApp. Na ji an ce haramun ne ga lafiyarta. In daina? Daga wani magidanci.

Amsa: Kada ka daina, Alhaji. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda a 2016 ta shawarci iyaye da su nisanta yaro ɗan ƙasa da wata 18 daga sikirin, ta ware kiran bidiyo daga wannan hani, saboda a nan mutum ne mai rai yake amsa wa yarinya nan take. Abin da zai ƙara masa amfani shi ne mahaifiyarta ta riƙe wayar, tana ce mata "ga Baba nan", kuma da an gama a kashe, kada kiran ya zarce zuwa kallon wasu bidiyoyi.

Tambaya: 'Yata mai shekara huɗu tana kallon waya a kan gado har ƙarfe 11 na dare. Wani mai shago ya ce in saya mata tabarau mai tare shuɗin haske don kada idonta ya mutu. Me ka gani? Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Ki riƙe kuɗinki, Hajiya. Wani babban nazari da aka yi a 2023 a kan gwaje-gwajen irin wannan tabarau bai sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Zafi da ƙaiƙayin da ake ji bayan doguwar kallo galibi daga rashin ƙifta ido ne, wanda ke sa idon ya bushe. Abin da ya fi damun likitocin ido game da yara shi ne raunin hangen nesa, wanda ake dangantawa da yawan ƙura wa abu na kusa ido da ƙarancin fita waje. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na firamare a wasu makarantu minti 40 na wasa a fili kowace ranar makaranta, bayan shekara uku sai aka ga kimanin kashi 30 cikin ɗari nasu ne suka kamu da wannan rauni, alhali a makarantun da ba a ƙara ba abin ya kusa kashi 40. Mu da Allah ya hore wa rana da tsakar gida, wannan magani kyauta ne.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali a tambayarki shi ne ƙarfe 11 ɗin nan. Yarinya mai shekara huɗu tana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a cikin yini da dare, kuma haske da daddare yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi. Sa wayar a yanayin dare, wanda ke mayar da fuskarta ruwan ɗorawa, yana rage hasken kaɗan, amma bai taɓa babbar matsalar ba, wato bidiyon da ke ƙarewa wani ya hau kansa da kansa yana riƙe hankalin yarinya a farke. A karɓe wayar aƙalla awa ɗaya kafin kwanciya, a kuma yi cajinta a wajen ɗakin kwana.

Tambaya: Wayata Tecno ce, kuma ba zan iya hana yarana ita gaba ɗaya ba, musamman idan ina girki. Akwai saitin da zai taimake ni? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Akwai, Malama, kuma duk kyauta ne. Ki fara da sauke YouTube Kids maimakon YouTube na manya, ki shiga sashen iyaye ki saita agogon da zai kulle manhajar idan minti 20 ko 30 sun cika, sannan ki zaɓi tsarin da ke nuna bidiyoyin da ke kika amince da su kaɗai. A cikin saitin tsaro na wayar akwai abin da Android ke kira App pinning ko Screen pinning, wanda ke kafe manhaja ɗaya a fuskar waya ta yadda yaro ba zai fita ya faɗa TikTok ko ya tura wa mutane saƙo ba. Masu iPhone za su sami irinsa da sunan Guided Access. Idan kuma yaro yana da kwamfutar hannu tasa, manhajar Family Link ta Google za ta ba ki damar ƙayyade masa lokaci da kulle na'urar daga wayarki.

Dabarar da na fi so ba ta buƙatar manhaja ko ɗaya: ki sauke bidiyo biyu ko uku masu tafiya a natse, waɗanda kika kalla da kanki, ki kashe data kafin ki miƙa wayar. Idan suka ƙare, sun ƙare, ba ke ce kika hana ba. Ki kuma lura da talabijin da ake bari yana ta surutu a falo ba mai kallo, domin bincike ya nuna manya suna rage yi wa yara magana muddin yana kunne, kuma haka abin yake idan wayar tana hannun uwa ko uba. Lokacin girki ma, ƙaramin da ya kai shekara uku zai iya zama nesa da wuta da roba da ludayi yana tsince miki wake, kina tambayarsa guda nawa ya tara.